TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 17: Turbo ɗin tirela da Land Cruiser ɗin Alhajin Damagaram

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya ne daidai inda Oga ya fara barina in kwance inji ni kaɗai ba tare da ya tsaya a kaina ba, toh daga nan zamu ɗora. Masu cewa ina tsallake bayanin aiki yau ranarku ce, masu jiran labarin yadda na haɗu da uwargida kuma sai ku ƙara haƙuri, bamu iso wajen ba tukuna.

Shekarar 2014 ce, duk wanda yake harkar mota a Kano lokacin ba zai manta da ita ba, don a shekarar ne zinare ya ɓulla a Djado can ƙuryar arewacin Nijar, ba a jima ba kuma aka sake samun wani a Tchibarakaten wajen iyakar Aljeriya. Samari suka yi ta kwarara, masu wayo kuma basu je haƙa ba, sai suka koma kai wa mahaƙa ruwa da shinkafa da taliya da mai, nan da nan duk wata a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu tayi tsada, a Kofar Ruwa in kace kana neman kayan Land Cruiser ko Hilux sai mai shago ya gyara zama tukuna kafin ya faɗa maka kuɗi.

A cikin wannan hayaniyar wani Alhaji ɗan Damagaram, tsohon kwastoman Oga, ya kawo mana Land Cruiser 75 a-kori-kura, irin waɗanda ake shigowa dasu daga ƙasashen Larabawa, injin fetur ne a ciki, 1FZ mai lita 4.5. Injin lafiyarsa ƙalau, ƙarfi kuma ba a magana, kusan doki 200, matsalarsa ɗaya shan mai. A gari wannan ba komai bane, amma daga Agadez zuwa Dirkou ɗaruruwan kilomita ne babu gidan mai, duk man da zaka ƙona sai ka ɗauke shi a bayanka, kuma duk durom ɗin da ka ɗora na mai ka rage durom ɗin ruwan da zaka sayar kenan. Ga shi matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 tana nan kusa da Damagaram tana fitar da gazuwal, haka mutanen can suke kiran man gas. Alhaji yace a cire na fetur a saka masa na gas.

Oga ya samo injin gas na Toyota 1HZ na Beljiyam haɗe da giyabos ɗinsa, ya ƙi yarda a raba su, yace in ka sayi inji tsirara zaka ƙare wajen neman abin da zai haɗa shi da tsohon giyabos. Sauran aikin sauyin ba zan daɗe a kai ba, an sauke tanki an wanke shi tas, an gyara layin da mai yake komawa tanki, an ja wayar hita da wayar da take kashe famfon nozul, an haɗa tiyon birki da ɗan famfon zuƙar iska da yake jikin injin tunda injin gas baya zuƙa da kansa irin na fetur, in ka manta da wannan birki zai yi tauri direba ya taka ya ji mota bata san yana yi ba. Mota ta tashi, Alhaji ya biya ya tafi yana sa albarka.

Bai daɗe ba sai ga shi ya dawo fuska ba walwala, yaronsa na biye da buhu a kafaɗa. Yace mai kam ya ragu sosai, amma da an yi lodi aka shiga yashi mota sai nishi, ƙananan Hilux suna wuce direbansa suna ɗaga masa hannu. Ba ƙarya yayi ba, 1HZ silinda shida ne lita 4.2 amma dokinsa wajen 130 ne kawai, babu turbo, tun 1990 Toyota take ƙera shi a haka don ya jure ba don yayi gudu ba. Yaron ya zazzage buhu sai ga turbo ƙato, ni kaina sai da nasa hannu biyu kafin na ɗaga shi, a jikin ɗan farantin an rubuta Holset HX50, wai daga kan wata tirela aka ciro masa.

Oga ya juya shi ya kalla yace "Alhaji, Allah ya ƙara girma, wannan ai ba na motarka bane."

Alhaji yace "Malam ba babba ya fi ƙarfi ba? Ni ƙarfi nake nema."

Abin da Oga ya faɗa masa ranar shine har yau nake maimaita wa kwastomomi. Turbo zugazugin maƙeri ne, iska kawai yake hurawa, bambancin shine hayaƙin da injin ya fitar shi yake juya shi. Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya, hayaƙi ya bugi ta baya, ta gaba ta matsa iska cikin inji, kuma sandar nan tana iya wuce juyi 100,000 a minti ɗaya. Toh HX50 an yi shi ne don injin da ya kai lita goma ko fiye, hayaƙin lita 4.2 ba zai iya tada shi ba sai an taka totur inji yana kuka, alhali a cikin yashi ƙarfin ƙasa ake buƙata, wajen juyi 1,500 zuwa 2,000, lokacin da taya ta fara nutsewa. Kaga a daidai inda kake son taimakonsa shi barci yake, sai ma ya zame wa hayaƙi shinge. In kuma ya farka can sama ya turo iskar da aka ƙera shi ya tura, fistin ne zai biya bashin.

Dalili kuwa 1HZ matsinsa, wato yawan ninkin da fistin yake matse iska a cikin silinda, yana da yawa tun asali, 22.4 ne, kuma nozul baya fesa mai kai tsaye a kan fistin, cikin wani ɗan ɗaki yake fesawa a jikin tof, wato murfin saman inji, wuta ta kama a can sannan ta fito. Wannan tsarin ne yasa baya zaɓen mai, yake shanye gas ɗin jarka mai datti ba tare da yayi gardama ba, amma kuma shi yasa yake tara zafi. Ɗan'uwansa 1HD-T da ya fito da turbo daga kamfani girmansu ɗaya, sai dai shi an sauke matsinsa zuwa 18.6, fesawarsa kai tsaye ce, fistin ɗinsa daban, yana bada doki sama da 160. Oga ya so tun farko a sayi wannan ɗin a huta, amma yayi wuya a kasuwa ga tsada, kuma kayan 1HZ ko a Agadez ka tsaya zaka samu tunda har yanzu ana kawo sababbin motoci dashi Afirka, ƙungiyoyin agaji ma shi suke hawa.

Aka tsaya a kan cewa za a nemo turbo ɗin 1HD-T ɗin, wato CT26, da manifol ɗinsa, bututun da yake tattaro hayaƙi daga silindoji, tunda manifol ɗin yana zama a jikin tof ɗin 1HZ ba sai an yi walda ba. Ni aka aika Kofar Ruwa, Oga yace kar in kuskura in kalli wanki, masu shago sun iya wanke kaya da fetur su fesa musu fenti. Sai ka sa yatsa biyu ka kama notin da yake tsakiyar fanka, ka girgiza gefe da gefe, ɗan motsi kaɗan ba laifi tunda a kan baƙin mai sandar take yawo, amma in fanka tana gogar bango ka ajiye. Sannan ka tura ciki ka jawo waje, nan kam ko kaɗan bai kamata ka ji wasa ba. Ka haska fitilar waya ka duba bakin fukafukan, in sun cinye sun yi gibi-gibi ƙura ce ta ci su, ka leƙa ɓangaren hayaƙi wajen 'yar ƙofar da take sakin hayaƙi in matsi yayi yawa, a nan yake tsagewa. Wani mai shago har da rantsuwa wai nasa bai taɓa aiki a Najeriya ba, na sa yatsa a bututun iska na fito dashi baƙi ƙirin da mai, na nuna masa, yace toh ai rage maka zan yi. A shagon wani dattijo can ciki na samu mai kyau.

Wajen ɗaurawa abin da ya fi cin lokaci layin baƙin mai ne. Na shiga siriri ne, na fita kuma dole ya zama mai faɗi ya sauko tsaye babu lanƙwasa, ya shiga kwanon baƙin mai ta saman inda man yake tsayawa, don ba famfo ne yake dawo dashi ba gangarowa yake da kansa, in ya taru a cikin turbo sai ya ɓulle ta salansa mota ta kama farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ace turbo ya mutu alhali tiyo ne aka ɗaura a karkace. Muka sauke kwanon mai walda ya dasa bututu, aka canza salansa zuwa inci uku, aka huda manifol tun yana ƙasa aka dasa abin auna zafin hayaƙi kafin turbo, don kar garin ƙarfe ya faɗa cikin fanka. Kafin a tada inji Oga ya ɗura baƙin mai a cikin turbo da sirinji yana juya fankar da yatsa.

Agogo biyu muka ɗaura a gaban direba, ɗaya na matsin iska ɗaya na zafin hayaƙi. Matsin iska Oga ya tsayar dashi a 7 zuwa 8 psi, wajen rabin bar kenan a ma'aunin mutanen Nijar, Alhaji yace a ɗan ƙara yace a'a. Sai maganar mai, wadda ita ce asalin haɗarin, don iska ita kaɗai bata ƙara ƙarfi sai an ƙara gas, kuma a injin gas yawan mai ne yake kawo zafi. A bayan famfon nozul akwai wani ɗan sukuru, Oga yana juya shi kaɗan-kaɗan, mu loda buhunan siminti mu kama hanyar Daura har wajen tuddan Kazaure, ni ina gefe idona a kan agogo ina faɗa masa lamba, mu dawo ya sake taɓawa. Dokarsa ita ce da cikakken lodi a kan hawa allurar zafi kar ta zauna sama da digiri 650, yace fistin alminiyam ne, shi kuma alminiyam a 660 yake narkewa, baƙin mai da iskar da take shigowa ne kawai suke cetonsa. Da ya samu inda yake so ya ɗaure notin ya ɗiga masa jan fenti.

Yanzun yara suna zuwa gareji da bidiyon YouTube suna nuna min Amurkawa sun cire injin fetur a Ford ko Chevrolet sun saka Cummins 6BT mai lita 5.9, wanda ya fara zuwa a Dodge Ram a 1989, sun cire turbo ɗinsa HX35 sun saka wanda ya fi shi, wasu ma turbo biyu babba yana hura wa ƙarami, matsi ya wuce 40 psi baƙin hayaƙi ya rufe titi. Gaskiya ne suna yi, amma wannan injin manyan motoci da janareto ne tun asali, fesawarsa kai tsaye, matsin silindarsa wajen ninki 17, kuma sai sun canza kusoshin tof da kulochi, sannan in ya fashe motar ja tana zuwa cikin awa ɗaya. Baƙin hayaƙin nan da yake burge su gas ne da aka biya kuɗinsa bai ƙone ba.

Motar Alhaji ta canza sosai, hawan da take yi da giya biyu ta koma yinsa da uku, hayaƙi ma ya ragu. Oga ya zaunar da direban, wani matashi ɗan Tanout mai son gudu, yace "ɗana abu uku, in ka tsaya bayan doguwar tafiya ka bar inji yayi silo na 'yan mintuna kafin ka kashe don kar mai ya ƙone a cikin turbo, kullum da safe ka kakkaɓe matatar iska, in allurar nan ta hau ka sauke giya ka ɗaga ƙafa." Yaro yace toh Baba, in sha Allahu.

Damina ta wuce har an fara sanyi bamu ji komai ba sai alheri, Alhaji ma ya turo mana abokansa biyu da irin aikin. Wata ranar Laraba da la'asar wayar Oga tayi ƙara, lambar Nijar, yasa ta a sifika saboda hannunsa duk giris. Direban ne daga Agadez, wai an jawo motar daga hanyar Dirkou, inji yana karkarwa, in an buɗe murfin baƙin mai hayaƙi yana bulbulowa. Oga bai tambayi komai ba sai cewa yayi "je ka duba bayan famfo, jan fentin nan yana nan?" Can sai yaro yace ai wani bakanike ne a tasha ya ɗan taɓa masa don Hilux ɗin nan sun dame shi, kuma agogon zafin ma wayarsa ta tsinke tun tuni.

Oga ya kashe waya ya kalle ni yace in je gida in haɗa kaya, gobe zai sayi fistin shida da ringi da gaskit, jibi in bi motar Damagaram ta Kongolam, shi gwiwarsa ba zata iya wannan tafiyar ba. Ni da ko Daura ban taɓa kwana ba, kuma ban san da wane baki zan faɗa wa Inna cewa Agadez zan tafi ba. Yadda muka ƙare da ita, da abin da na tarar da na buɗe tof ɗin nan, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.