Tanki uku, famfo ɗaya ke jin kira

Shagona yana kan hanyar Bukuru, mu huɗu ne har da ni. Abincinmu shi ne haɗa ɗan akwatin da ke kunna injin rijiyar burtsatse, ya kashe shi in tanki ya cika. Masu gidajen kaji ne manyan kwastomominmu, sai 'yan noman rani. Allon ESP32, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, muke sawa a ciki, umarnin kuma da yaren kwamfuta na C++ muke rubuta shi.

Muddin tanki ɗaya ne, babu wata rigima. Ranar da wani mai kaji ya ce tankuna uku yake so akwati ɗaya ya riƙe, ranar muka gane kurenmu. Na sa yarona ya rubuta kilas mai suna Famfo, wato tsarin da ke haɗa bayanin abu da ayyukansa wuri ɗaya, kowane famfo da ƙafar da yake kai a allo da aikinsa na kashewa. Da ya miƙa wannan aikin ga attachInterrupt, umarnin da ke sa allo ya katse abin da yake yi ya kira aiki in sigina ta shigo, sai kwamfaila, manhajar da ke fassara wa allo umarninmu, ta ƙi.

"Oga, ai adireshin aiki na ba ta, me kuma take nema?"

Na ce masa adireshin ɗaki ya ba ta, bai faɗi gidan ba. Aikin da ke cikin kilas yana tafe da wani ɓoyayyen manuni, wato adireshi, da ake kira this, wanda ke nuna famfon da ake magana a kai. Shi kuwa attachInterrupt manunin aiki tsura yake karɓa. Ko a awo ba ɗaya suke ba: a kwamfailar GCC, manunin aikin kilas ninki biyu ne na tsuran. In ka rubuta &Famfo::kashe, "kashe" kawai ka ce, ba ka ce wanne ba.

Na fita sayen waya a kasuwar Terminus, yaro ya yi dabararsa. Ya mai da aikin static, wato wanda ba ya tafe da this, ya ajiye manuni guda a waje da kowane sabon famfo ke rubuta kansa a ciki. Kwamfaila ta yi shiru, ni ma ban duba ba, laifina ne. Na uku ya share na biyu, na biyu dama ya share na farko. Ko wane tanki ya cika, famfo na uku ne ke mutuwa. Da asuba, cikin sanyin nan na Jos, tankin farko ya tumbatsa ya jiƙa shimfiɗar 'yan tsaki. Alhajin bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Injiniya, zo ka ga aikinka." Da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Gyaran bai kai layi goma ba. ESP32 na da attachInterruptArg, mai barin ka haɗa aikin static da adireshin famfon kansa, sai aikin ya mai da adireshin Famfo ya ɗaga masa tuta, wato alamar a kashe shi. Tun 2011 C++ na da lambda da std::function, wasu hanyoyin haɗa aiki da abin da zai yi aiki a kai, amma cikin katsewa ni ban yarda da kaya masu nauyi ba.

Inda manunin kilas ya yi mana rana shi ne saƙon tes. Mai gona ya turo "kunna 2", mu duba jadawali mu ɗauko manunin, mu kira (famfo[1].*manuni)(), don daga sifili ake ƙirga. Bakan farkon nan dole ne, yarona har yau yakan manta su.

Buhu shida na garin katako na saya wa Alhaji daga aljihuna.