Maganin Hawan Jinin da Ya Toshe Mini Numfashi

Tun ina ƙarami nake fama da ciwon asma, kuma na daɗe da sanin abubuwan da ke tayar mini da ita: ƙura, hayaƙi, ƙamshi mai ƙarfi, iska mai sanyi da mura. Abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba shi ne ƙwayar da likita ya rubuta da hannunsa za ta shiga wannan sahu, ta kuma fi su duka illa.

Akwai lokacin da ciwon ya matsa mini, har na riƙa shaƙar salbutamol, wato shuɗiyar inhela, sau da yawa a rana. Wannan magani yana buɗe hanyoyin iska cikin 'yan mintuna, amma idan ya yi yawa yakan sa zuciya bugawa da sauri, hannu kuma ya riƙa rawa. Da na kai kukan bugun zuciyar asibiti, aka auna jinina aka tarar ya haura 140 bisa 90, sai aka rubuta mini propranolol, ba tare da an tambaye ni ko ina da matsalar numfashi ba. Ban daɗe da fara sha ba ƙirjina ya ɗaure tamau, na shaƙi inhela na sake shaƙa amma babu sauƙi, har sai da aka kai ni sashen gaggawa ina kokawa da numfashi.

A can ne wata likita ta warware mini abin da ya faru. Salbutamol yana aiki ne ta hanyar zaburar da wasu wurare a jikin tsokar hanyoyin iska domin ta saki, shi kuwa propranolol waɗannan wuraren yake toshewa, a zuciya da huhu baki ɗaya. Kamar mutum ne yana tura ƙofa, wani kuma ya tokare ta ta baya. Har yau raina yana ɓaci idan na tuna cewa inhelar tana cikin aljihuna lokacin da ake rubuta mini ƙwayar, kuma tambaya ɗaya ta isa ta hana wannan wahala.

Maganin da aka ceto ni da shi ma ya zo da nasa. An ba ni prednisolone na ɗan lokaci domin ya kwantar da kumburin huhu, kuma shi magani ne da ke riƙe gishiri da ruwa a jiki, don haka jinin da ake neman saukarwa sai ya ƙara hawa, bai daidaita ba sai da na kammala shi. Daga nan aka mayar da ni kan amlodipine, wani maganin hawan jini wanda ba ya takura hanyoyin iska. Likitar ta ce ta kauce wa lisinopril, shi ma maganin hawan jini, saboda busasshen tarin da yake jawo wa wasu, wanda za a iya ɗauka asmar ce ta motsa.

Tushen matsalar, a ganina, dogaro da shuɗiyar inhela ne ita kaɗai, domin ba ta magance kumburin da ke haddasa ciwon. Tun shekarar 2019 ƙungiyar GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar a bar manya a kanta kawai. Tun da na riƙe budesonide, inhelar da ke kwantar da wannan kumburi, safe da yamma, ina kuskure baki bayan kowace shaƙa, da wuya nake neman shuɗiyar, bugun zuciyar kuma ya lafa da kansa.

Yanzu duk wanda zai rubuta mini magani, ko na haƙori ne, da asma nake fara yi masa magana. Ibuprofen da aspirin suna tayar da ita ga wasu masu ciwon, maganin toshewar hanci mai pseudoephedrine yana ɗaga jini, kuma hatta timolol da ake ɗigawa a ido ɗan gidan su propranolol ne. Wanda kuwa ya riga ya fara shan ƙwaya irin propranolol kada ya yanke ta da kansa rana ɗaya, domin hakan haɗari ne ga zuciya. Ya koma wurin likita da inhelarsa a hannu a sauya masa.