Abin da na gani ke nan, Malam

A ƙarshen wannan zango zan miƙa makullin ɗakin gwaje-gwaje, bayan shekara goma sha ɗaya ina koyar da kimistiri a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati. Malamai biyu da za su gaje ni sun nemi in bar musu wani abu a rubuce kan yadda ake duba rahoton firaktikal, ni kuwa da na zauna rubutawa sai na ga takarda ɗaya ce ta tsaya mini a rai, daga cikin dubban da jar birona ta bi ta kansu.

A shekarata ta uku ne abin ya faru, cikin watan Fabrairu, da 'yan aji biyar. Buret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni da ake sako ruwa daga cikinsa ɗigo-ɗigo, shida kawai muke da su masu lafiya, ɗalibai kuma sun haura sittin, don haka na kasa su rukuni-rukuni. Aikin shi ne taitireshan, wanda kowane malamin kimistiri ya sani: a ɗebi 25 cm³ na sodiyam haidiroksaid da fifet (siririn bututun awo), a ɗiga masa metil oranj (sinadari mai sauya launi), a riƙa sako asid daga buret har ruwan ya juya daga rawaya zuwa ruwan goro. Na auna giram 4.0 na ƙwayoyin sinadarin na narkar a lita ɗaya, abin da a lissafi zai yi daidai da ƙarfin asid ɗin da ke hannunmu, wato mol 0.1 a kowace lita, ke nan amsa, wato yawan asid ɗin da za a sako, za ta faɗa kusa da 25 cm³. Ban yi gwajin da hannuna ba, domin ina da darasi uku a safiyar kuma na amince da abin da alƙalami ya ba ni. Babban kuskuren ma shi ne, ina zagayawa tsakanin teburori sai na furta da bakina cewa wajen 25 ya kamata su samu.

Da littattafai suka zo, sai ga 24.90, 25.00, 25.10 shafi bayan shafi, cikin jadawali mai tsafta, ni kuwa ina ta raba takwas da tara cikin goma ina jin daɗin kaina. Littafi ɗaya ne ya fita dabam, an rubuta 21.60, 21.50, 21.60, a ƙasa kuma mai shi ta ƙara layi biyu da Turancinta mai rauni cewa launin ya juya tun kafin inda Malam ya faɗa, kuma ta maimaita har sau uku. Na ba ta biyu cikin goma, na rubuta mata cewa ba ta natsu ba. Ban tsaya nan ba, na ɗaga littafin a gaban aji na tambaye ta yadda aka yi 'yan rukuninta, waɗanda suka tsaya kan buret ɗaya da ita, suka samu 25 ita kaɗai ta samu wani abu dabam. Ta miƙe tsaye, kanta a sunkuye, ta ce: "Abin da na gani ke nan, Malam." Aji ya yi dariya, ni ma na yi murmushi.

Gaskiya ta fito ne a lokacin shirin jarabawar WAEC ta 'yan aji shida. Ƙa'idar hukumar ita ce malamin makaranta ya haɗa sinadaran da aka umarta, ya yi taitireshan ɗin da kansa, ya rubuta lambar da ya samu a rahoton da za a haɗa da takardun ɗalibai, domin da lambarsa ake gwada tasu. A nan dole ta sa na riƙe buret. Da na sauko da kwalbar sodiyam haidiroksaid, dattijon da ke kula da ɗakin ya dube ni ya ce: "Malam, ai wannan murfinta ya tsage tun damina." Na leƙa ciki na ga ƙwayoyin sun jiƙe sun dunƙule. Wannan sinadari yana zuƙar danshi da iskar kabon dayoksaid daga sarari, saboda haka giram huɗun da na auna a Fabrairu ba zallarsa ba ne, akwai ruwa da kabonet a ciki. Sauran haɗin na nan a jarka a ƙarƙashin tebur. Na ɗebo na gwada shi sau uku, hannuna na rawa, na samu 21.60. Ke nan a cikin yara fiye da sittin, ɗaya ce ta rubuta abin da ya faru a gabanta, sauran sun rubuta abin da suka ji daga bakina, kuma ita na hukunta.

Washegari na ɗauki littafinta da sakamakona na je wurin shugaban sashenmu, na roƙi a gyara makinta na gwajin cikin zango. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Malam, an shigar da maki, an sa hannu, an rufe. Idan ka ɗaga nata, sauran sittin ɗin fa? A bar kaza cikin gashinta." Na ce masa ai sauran ma ni na jawo musu, a shirye nake in faɗi haka a gaban shugabar makaranta. Sai ya tuna mini cewa tun ina firamare yake koyarwa. Wannan mutum ne wanda duk lokacin da aka ji jami'an duba makarantu na tafe, yakan sa a rubuta rahoto ɗaya a allo, yara su kwafe cikin sababbin littattafai, har da gwaje-gwajen da ba mu da kayan yin su. A ƙarshen shekarar ya rubuta a takardar auna ƙwazona cewa ina da ƙarancin haɗin kai da na gaba da ni, kuma shekara huɗu a jere sunana bai shiga cikin waɗanda ake turawa taron ƙara wa juna sani ba. Ba na cewa da gangan ne, amma na iya ƙirga.

Na ba yarinyar haƙuri a gaban ajin da na kunyata ta, na kuma bayyana musu dalilin da ya sa lambarta ce daidai. Ta ce ba kome, Malam. Sai dai daga ranar har ta gama makaranta ban ƙara ganin wani layi na ƙari a ƙasan jadawalinta ba. Lambobinta suka koma irin na kowa, masu kyau, masu kusa da juna, kuma ban taɓa iya rantsewa cewa daga buret suka fito ba.

Tun daga nan ban ƙara shiga firaktikal da haɗin da ban gwada da hannuna a ranar ba, kuma ban ƙara faɗin amsa ba, ko da wasa. Na daina ba da maki mafi yawa ga kusanci da lambata, na mayar da shi kan daidaituwar karatu biyu da ba su wuce tazarar 0.20 cm³ ba, da lissafin da aka gina kan lambar da ɗaliba ta samu da kanta, da kuma bayanin abin da take zaton ya jawo bambanci. Idan rukuni biyu suka kawo lamba ɗaya tak har zuwa gurbi na biyu bayan ɗigo, ina kiran ɗaya daga kowane rukuni ta karanta mini buret a gabana. Haka a fizik, lokacin da na riƙe ajin na zango biyu: duk wadda ta kawo mini 9.8 cif, wato lambar da littafi ya bayar ta ƙarfin jan ƙasa, daga gwajin lilo da zare da agogon hannu, ita na fi tuhuma, ba wadda ta samu 10.6 ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne. A cika jadawali da biro a lokacin da ake aikin, ba bayan an koma ɗakin kwana ba. Lamba ba tare da ma'auninta ba, ba amsa ba ce. Kada a ci yarinya tara sau biyu kan Turanci, akwai malamin da ake biya don wannan. A girmama mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, domin ya fi malami sanin tarihin kowace kwalba.

Buret ɗinmu yanzu goma sha huɗu ne, takwas daga ciki na samo su ne da roƙon ƙungiyar iyaye da malamai, ba da takardar sashe ba. Kwalbar mai tsagaggen murfi tana nan a saman kanta ta hagu, na wanke ta amma ban jefar ba, kuma lambar 21.60 da ke rubuce a jikinta rubutuna ne.