Gidan da Za a Iya Kwana Cikinsa Ko Babu Wuta

Sana'ata zanen gida da tsayawa a kan gininsa. Ƙaramin kamfani gare ni a Kano, ni da yarana masu zane, sai birkiloli da kafintoci da muke kira idan aiki ya samu. Yawancin abin da muke yi gidajen zama ne a fuloti ɗaya ko rabi, sai ajujuwan Islamiyya da shaguna jefi-jefi. A cikin wannan ɗan aikin ne na ga abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda garinmu yake ginuwa: muna ta gina gidajen da ba sa zaunuwa sai da wutar lantarki, a garin da wutar ba ta da tabbas.

Duk wanda ya yi watan Afrilu a Kano ya san abin da nake nufi. Zafi ya kai digiri 40 da rana, dare ya yi, ɗaki ya zama kamar gidan burodi, iyali su kwaso katifu su fito waje su bar ginin da aka kashe wa miliyoyi. Laifin ba na rana kaɗai ba ne. Bulon siminti mai rami, kwano mai duhu, silin ƙasa-ƙasa, tagar gilas mai zugewa wadda rabinta kawai ke buɗuwa, ita ma a bango ɗaya tak, ga katanga ta matso har tana neman taɓa ginin, ga tsakar gida an malale ta da siminti. Wanda ya haɗa waɗannan ya riga ya sayi zafi tun kafin ya tare.

Shi ya sa ba na fara zane sai na je filin da ƙafata na ga gabas da yamma. Idan hali ya yi, dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, domin ranar da ke dukansu daga sama take zuwa, ɗan bakin rufi ya isa ya tare ta. Bangon yamma shi ne mugu, ranar la'asar tana dukansa kai tsaye, shi kuma ya riƙe zafin ya sake shi bayan isha'i. A can nake ajiye banɗaki da sito da matakala, ba ɗakin kwana ba. Bangon gabas kuwa ruwa ne matsalarsa, don hadarinmu daga gabas yake tasowa. Tsofaffin magina sun san haka, shi ne bangon da suka fi ba wa kulawa wajen yaɓe. Kowane ɗaki ina neman masa taga a bango biyu, da ƙaramar kafa can sama inda iska mai zafi take taruwa. Duk wannan bai ƙara wa mai gida ko buhun siminti ɗaya ba.

Rufi ne ya fi cin lokacina. A wajenmu rana tana bi ta tsakar ka, saboda haka mafi yawan zafin da ke shiga gida mai hawa ɗaya ta sama yake shiga. Abin da ake yayi yanzu shi ne doguwar rufa mai tsini da baƙin kwano, irin ta ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba. Katako mai yawa, kuɗi mai yawa, kuma a rufe ruf, iskar da ta gasu a ciki ba ta da mafita sai ta sauko ta silin. Abin da nake ba da shawara shi ne kwano mai haske, da rata tsakaninsa da silin wadda iska za ta ratsa ta fice, da bakin rufi mai faɗi da zai yi wa bango inuwa. Mai zanen gini Francis Kéré ya nuna haka a makarantar firamare da ya gina a ƙauyensu Gando na Burkina Faso a 2001: bango da silin na bulon ƙasa, kwano a ɗage can sama a kan ƙarafa, iska tana wucewa a tsakani. Wannan mutumin ne ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Sai dai rufin da aka ɗage yana son ɗauri mai kyau, domin iskar farkon damina ba ta da wasa. Ina tsayawa da kaina a kan kafinta ranar ɗaurin, kuma ratar sai an sa mata raga saboda tsuntsaye da jemagu.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne maganar ginin ƙasa. Da na ambace ta, sai fuska ta canja. "Haba Injiniya, bayan duk wahalar da na sha, so kake a ce gidan ƙasa na gina?" Ba na ganin baiken mai wannan magana. Wataƙila a gidan da ya tashi, duk shekara sai an hau soro an yi yaɓe kafin ruwa, wataƙila ya taɓa ganin katanga ta zube a watan Agusta. A wurinsa siminti shaida ce cewa Allah ya rufa asiri. Abin da nake yi shi ne in ce, Alhaji, mu je ka shiga wani ɗaki da ƙarfe biyu na rana, sannan mu yi magana. Bango mai kauri na ƙasa yana shanye zafin rana a hankali, kafin ya ratsa ciki gari ya fara sanyi. Wannan abu ne da jiki yake ji, ba sai an yi dogon bayani ba.

Kuma ba baƙon ilimi ba ne. Wanda ya shiga Gidan Makama a nan Kano, ko ya ga bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya san magina Hausawa sun iya rufe babban fili da tubali da azara, su tsare bango da makuba, su tsare rufi da laso, indararo ya kai ruwa nesa da gindin gini. A Nijar, masallacin Yaama da Falke Barmou ya gina ya karɓi lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine a 1986. Amma ba na yaudarar kowa cewa za mu koma can gaba ɗaya. Giginya ta yi ƙaranci, azara mai kyau ta yi tsada, gwanayen sun tsufa, kuma ma'aikacin gwamnati ba shi da lokacin yaɓe duk shekara.

Abin da muke yi shi ne bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji. Ba kowace ƙasa ba ce take yi. Ƙasar sama mai taki ba ta yi, laka zalla tsagewa take. Muna zuba samfur a kwalba da ruwa mu girgiza, mu bari ya kwanta, mu ga yawan yashi da yawan laka. Idan ta yi, sai a tankaɗe ta, a sa siminti kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a ɗan yayyafa ruwa, a matse. Sai a lulluɓe bulon da leda ana jiƙa shi, ba a ɗora shi a gini sai ya yi wajen mako huɗu. Mai gaggawa ba ya son jin wannan, amma bulon da aka shanya a rana tun ranar farko marmashewa yake yi. Fandisho kuwa da dutse ko kankare muke yi, a ɗaga shi sosai sama da inda ruwa ke kwanciya, domin ruwa ta ƙasa da ta sama shi ne kaɗai abokin gabar wannan gini. Da irin wannan bulo masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Idan na nuna hotunansa, ba wanda yake kiransa ginin talaka.

Maganar kuɗi ita ma ina faɗinta a fili. Ba kullum ginin ƙasa yake fin araha ba. Idan ƙasar daga nesa za a ɗauko, kuɗin tifa yana cinye ribar, kuma birkilan da ya iya jera bulon da ba za a rufe da fulasta ba ya fi tsada, don duk kuskurensa a waje yake. Inda ake samun sauƙi shi ne siminti ya ragu, fulasta da fenti na waje sun fita, sannan kuɗin sanyaya ɗaki na shekara da shekaru. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, a watan Afrilun shekarar kuma aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi, naira 225 kowane yunit. Tun daga lokacin mutane suka fi saurarona. Ni a raina akwai wani dalilin: sarrafa siminti shi ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin carbon da ke ɗumama duniya, mu kuma da muke bakin hamada muna cikin waɗanda suka fi ji a jika.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne tsakar gida. Kududdufan da kakanninmu suka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne suke shanye ruwan damina, yau an cike da yawa daga ciki an yi gini a kai, kowa kuma ya malale gidansa ya turo ruwa titi. Ina roƙon mai gida ya bar ko da kusurwa ɗaya ƙasa tsura, a dasa darbejiya ko mangwaro nesa kaɗan da fandisho ta ɓangaren yamma. Iyaye mata sun fi saurin yarda da wannan, su ne suke wuni a gidan. Shi ya sa nake neman a shigo da Hajiya tun ranar zanen farko, a tambaye ta inda take son kicin da inda za ta yi shanya.

Babban abin da ke gabana yanzu shi ne hannu. Inji yana samuwa, ƙasa tana nan, amma matasan birkiloli bulon siminti kawai suka taso suka gani. Duk aikin da muka samu, ina haɗa saurayi ɗaya ko biyu da tsohon magini, kuɗin koyon daga aljihun kamfani. Wasu suna tafiya bayan sun iya, su je su yi nasu, kuma ina murna da hakan, don ni kaɗai ba zan gina unguwa ba. A bana muna jiran ɗaukewar ruwa mu fara buga bulon wasu ajujuwa a bayan gari, kuma masu makarantar sun yarda a ɗage rufin.