Asabar a Arita, garin tangaran

Ƙafafuna sai zogi suke yi, amma gara in rubuta kafin barci ya kwashe ni.

Daga tashar Hakata na hau jirgin ƙasa da sassafe zuwa Arita, a lardin Saga na tsibirin Kyushu, a ƙasar Japan. Ƙaramin gari ne a tsakanin duwatsu, shagunan tangaran jere a bakin titi, gefen dama da na hagu. Har katangun lunguna da tsofaffin tubalan murhun gashi aka gina su.

Na fara da Izumiyama, inda aka haƙi farin dutsen yin tangaran da ya kafa garin. A nan ake cewa wani maginin tukwane ɗan Koriya, Yi Sam-pyeong, ya gano shi wajen 1616. Yana cikin masu sana'ar da aka kwaso bayan yaƙin da Hideyoshi, mai mulkin Japan a lokacin, ya kai wa Koriya tsakanin 1592 da 1598. Tsaunin an cinye shi, sai wani ƙaton fili mai fari-fari. Yanzu yawancin dutsen daga tsibiran Amakusa ake kawowa. Wurin ibadar Tozan mai ƙofar tangaran kuwa daga nesa na hango shi, na wuce.

Inda na daɗe shi ne wani ƙaramin wajen aiki da suka bar baƙi su leƙa. Ashe faranti ɗaya ba hannu ɗaya ke yin sa ba. Wani ya murza shi a kan faifai, a gasa shi gashin farko, wata ta ja siraran layukan zane, wata kuma ta cike tsakaninsu da shuɗi. Wannan ta ƙarshen, dattijuwa ce, buroshinta ya yi kauri har sai da ta damƙe shi da tafin hannu, tana matsa shi ruwan launin na sauka, tana karkata farantin yana bin inda take so. Ko ɗigo bai tsallake layi ba. Launin a lokacin toka-toka ne, babu kyan gani. Sai an shafe shi da ruwan ƙyalli, ya sha wuta wajen digiri 1,300, sannan shuɗin nan ya fito. Mai ja da kore irin na gidan Kakiemon, wanda aka fara a shekarun 1640, sai ya sake komawa wuta. Irinsu ne 'yan Holan suka riƙa lodi zuwa Turai, ana kiransu Imari, sunan tashar ruwan da suke fita ta cikinta.

Da rana na ci godofu, awarar garin mai danƙo. A nan na lura da ɗan matashin da ake ɗora tsinkayen cin abinci a kai, hashioki. Bai kai tsawon yatsa ba. Tsinkayen a kwance suke a gabanka, bakinsu na kallon hagu, a ɗage, kada ya taɓa tebur. Soke su a cikin shinkafa kuwa babban abin ƙi ne, don ga mamaci ake yin haka. Nawa siffar ganye ne. Mai abincin ta ce tana canza su bisa yanayin shekara, furen sakura idan sanyi ya wuce, jan ganye lokacin kaka.

Abin da ya tsaya mini ke nan. Mu a gida tangaran na jere ne, na Hajiya yana kabad tun aurenta, wanda ya taɓa ya sha faɗa. Su kuwa wanda aka zana da hannu shi ne na cin abincin Asabar da rana, har da ɗan abin da aikinsa kawai ya tare bakin tsinke. Ni dai na fi ganin darajarsa a haka, ko da wata rana zai fashe.

Farantan sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi, wallahi. Hashioki na saya, guda biyar, don biyar-biyar suke haɗa saitinsu, masu zanen igiyar ruwa. Da na jera su, babu biyu da shuɗinsu ya zo daidai. Mai shagon ya ce in dawo kasuwar tangaran da ake ci daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, kaya na sauka sosai. In Allah ya kai mu, da jakar goyo zan zo.