Aikin sa kai da na kusa ƙi

Jama'a, da na shiga ƙungiyarmu ta masu tantance ayyukan raya al'umma, kuɗin rajista kawai nake biya, imel ɗinsu ma ban cika buɗewa ba. Sai bara aka nemi 'yan sa kai su duba taƙaitattun maƙalun da aka turo don babban taro, na ce bari in gwada duk da ba ko sisi, wallahi abin da na koya a makonnin nan ya fi na wani kwas da na biya kuɗi.

A nan aka haɗa ni da wata babbar yaya a harkar, duk wata sai mun yi magana a Zoom, ita ta zaunar da ni kan ma'aunan tantance aiki guda 6 na OECD (ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba) har da na daidaituwa, wato ko aikin ya dace da sauran ayyuka, da aka ƙara a 2019, ta bi rahotona layi-layi tana tambaya: wannan sauyin, aikin ne ya kawo shi ko dama can zai faru? Tambayar nan har yau tana bina.

Ƙanne masu tasowa, ku leƙa EvalYouth, ƙungiyar matasa masu tantance ayyuka ta duniya, tun 2015 suke, suna haɗa matasa da jagorori. Bana ni ma na tura maƙalata, ina jiran amsa.