Asabar a situdiyo: baƙar shadda da ɗige-ɗige

Tun safe babu wuta a layinmu, inji kuma ya ƙi tashi sai wajen azahar. Ana cikin haka wata Hajiya ta iso daga Yelwa da ɗanta, hoton kammala karatu suke so, shi sanye da baƙar shadda mai aiki a wuya. Yaron shagona ya ce a ɗauka da hasken taga kawai, ya murɗa ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a cikin kyamara, har 6400. Na ƙyale shi ya gwada. A bayan kyamara hoton tsaf yake. Da muka buɗe shi a laftof muka zuƙo fuskar, sai ga ɗige-ɗige ja da kore sun cika inuwar haɓa da ƙasan hula, shaddar kuwa kamar an watsa mata tsaki.

Yaron shagon ya ce, "Oga, ba sai mu goge a Lightroom ba?"

Ana gogewa. Tun 2023 kamfanin Adobe, masu wannan manhajar gyaran hoto, suka saka Denoise mai goge ɗige-ɗige, kuma yana aiki sosai a kan fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Sai dai abin da haske bai kai wa kyamara ba, kwamfuta cikawa take yi da ƙiyasi. Idan kuma aka matsa gogewar, ramukan fata su shafe, gashin gira ya haɗe, zaren aikin wuya ya narke. Na fi son ɗan ɗige kaɗan da irin wannan sulɓin.

Abin da nake ta nanata wa yaron shagon shi ne ƙarancin haske ke kawo matsalar, ISO yana ƙara fito da ita ne kawai. Da inji ya tashi muka kunna filasha, na mayar da ISO 100, buɗin ƙofar lens f/8, saurin shata (makullin da ke buɗe wa haske) 1/160 na daƙiƙa. Kyamarata ba ta wuce 1/200 da filasha, in an wuce baƙin layi ya ci gefen hoto. Sofbos ɗin, wato akwatin da ke tausasa hasken filasha, yana mita biyu daga ɗan Hajiya, na jawo shi zuwa mita ɗaya. Wannan kaɗai ya ninka hasken sau huɗu, inuwa kuma ta yi laushi. Ɗaya ɓangaren muka riƙe farin kwali, irin wanda ake saya a kasuwar Wunti, ya mayar da haske ƙasan haɓa. Baƙin yadi yana shan haske, don haka tun wurin ɗauka ake ƙosar da shi da haske, ana lura kada hasken ya yi wa goshi yawa. Wanda ya ɗauka a duhu yana cewa zai ɗaga inuwa daga baya, a nan ɗige-ɗigen ke jiransa.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Ɗana, a ɗan haska shi mana." Na ce, "Hajiya, ai kalarsa ce ta fito, dubi yadda shaddar ke sheƙi." Ta yi dariya, ta ce to a cire ƙurjin nan na kumatu. Wannan kam na cire.

Da la'asar na tura musu ta WhatsApp a matsayin dokumen, don hanyar da aka saba matse hoto take yi. Gobe akwai kamu a Gwallameji, na sa yaro ya cika jarka da fetur tun yau.